Mai gyaran janareto a Nima na son aikin injin iska

Wani matashi ɗan Katsina da ke gyaran janareto a Nima, nan Accra, ya aiko da tambaya. Ya ji ana ɗaukar masu duba lafiyar injinan lantarki na iska ta kwamfuta, yana so ya koya. Akwai aikin a Ghana kuwa? Ga mahaifinsa kuma ya matsa ya koma gida.

Ƙanena, rabin sana'ar tana hannunka. In ka dafa janareto ka ji zafi ya wuce kima, ko kukan boris (bearing) ya sauya, ai ka san kwanansa ya kusa ƙarewa. Su ma haka suke yi, sai dai injinsu na can ƙololuwar hasumiya, hannu ba ya kaiwa. Na'urar SCADA, mai tattara bayanan injin zuwa kwamfuta, ita ce ke rubuta komai, galibi duk minti 10: ƙarfin iska, wutar da ta fita, zafin man giyar injin (gearbox), zafin boris. Naka kwatantawa ne. Iska irin ta bara, lodi irin na bara, amma boris sai ƙara zafi yake mako bayan mako? Ka yi magana tun bai cinye giyar ba, don sauke giya sai da injin ɗaga kaya, wuta kuma ta tsaya. Amma kar ka yi gaggawa, ƙurar hunturu kan toshe wurin shan iska, zafi ya hau alhali boris lafiyarsa lau. Nan bakanike ya fi mai lissafi zalla.

Aikin dai ya yi ƙaranci a Ghana. Wutar nan daga madatsar ruwa ta Akosombo da iskar gas akasari take fitowa. Senegal kuwa na da injinan iska 46 a Taiba N'Diaye, Kenya 365 a Turkana. Ka koyi sarrafa bayanai a kwamfuta da Excel da Python da daddare, kar ka rufe shago tukuna.

Batun takardu, zaman da ECOWAS ta ba ɗan Najeriya a Ghana ba tare da biza ba kwana 90 ne kawai. Kamfani zai nemi izinin zama da na aiki daga hukumar shige da fice, da Ghana Card na baƙi. Masu hawa hasumiya kuma sai da shaidar horon kare kai ta GWO, ana sabunta ta duk shekara 2.

Shi kuwa Baba, kar ka ja da shi ta waya. Ka je da Sallah ka durƙusa ka yi masa bayani. A hanya ka biya Lambar Rimi a jihar Katsina, inda aka kafa injinan iska 37, ka ƙirga nawa ke juyawa.