Ko ƙungiyar rock ɗaya za ta iya juya akalar kiɗan da ke tashe?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko ƙungiyar masu kiɗan rock za ta iya sauya abin da jama'a ke saurare, ko kuwa zamanin hakan ya wuce. An taɓa yi.

A Fabrairun 1964 The Beatles daga Ingila suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, mutum kusan miliyan 73 suka kalla. Zuwa Afrilu waƙoƙinsu sun mamaye matakai biyar na farko a jadawalin Billboard, jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. A Janairun 1992 kuma faifan Nirvana, wata ƙungiyar rock ta Amurka, ya ture na Michael Jackson daga na ɗaya, sai kamfanonin faifai suka bazama birnin Seattle, inda salon kiɗansu ya bunƙasa, neman irinsu.

Amma fa ba hazaƙa kaɗai ba ce, nan mutane ke kuskure. Nirvana ta tarar matasa sun gaji da ƙyalƙyalin mawaƙan shekarun 1980, tashar talabijin ta waƙoƙi MTV kuma ta riƙa nuna bidiyonsu ba dare ba rana.

Yau abin ya fi wuya. Tun 2017 hip-hop da R&B suka zarce rock a Amurka, Spotify da TikTok kuwa sun raba masu sauraro gida-gida. Babu tashar da kowa ke kallo lokaci guda.

Idan taku ce ƙungiyar, kada ku bi sautin da ke tashe. Kafin ku ƙware an wuce wurin. Kafin ku sa hannu a kwantiragin kamfani kuma, ku nuna wa lauyan da ya san haƙƙin mallakar waƙa.