Fatawa: Ya Halatta Musulmi Ya Tsaya wa Mutanen Kanak Alhali Ba Musulmi Ba Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan Damagaram ne, na yi karatu a Faransa har na karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Shekarata 12 ke nan ina aikin jinya a Numeya, babban birnin Sabuwar Kaledoniya, tsibirin da ke hannun Faransa a tekun Pasifik. Yawancin abokan aikina Kanakawa ne, wato asalin mutanen tsibirin, Kiristoci, masu neman 'yancin ƙasarsu daga Faransa. Suna gayyatata tarukansu da jerin gwano, zuciyata kuma tana tare da su. Wani ɗan'uwa ya ce mini wannan jiɓintar kafirai ce, kuma faɗan da ba namu ba ne. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri kan hidimar marasa lafiya. Haramcin zalunci ko a kan wane ne aka yi shi, ka sani, na sani. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka abu biyu ne da ka faɗa ka wuce: takardar Faransa da shekara 12. Su ne suka fitar da kai daga sahun 'yan kallo.

Faransa ta kama tsibirin a 1853, ta mai da shi gidan ɗaurarru, ta tura masu ƙasa keɓaɓɓun yankuna, ta ɗora musu irin dokar wulaƙanci da aikin tilas da kakanninka suka sha a Nijar har 1946. Baƙi suka yi ta shigowa, musamman da kasuwar ma'adinin nikel ta buɗe, har ƙidayar 2019 ta nuna Kanakawa kusan kashi 41 cikin ɗari ne a ƙasar kakanninsu. Bayan jinin da aka zubar tsakanin masu neman 'yanci da jami'an tsaron Faransa a tsibirin Ubeya a 1988 aka yi sulhu, aka ƙulla yarjejeniyar Numeya a 1998, aka taƙaita masu jefa ƙuri'a a zaɓen larduna don kada yawan baƙi ya danne muryar masu gida. A 2024 Faris ta nemi buɗe rajistar masu zaɓen ga duk wanda ya shekara 10 a ƙasar, ba da yardar masu neman 'yanci ba, tarzoma ta tashi a watan Mayu, rayuka suka salwanta, aka jingine dokar. Ɗan'uwa, wanda ya shekara 10 ɗin nan kai ne. Ƙuri'arka tana cikin abin da ake faɗa a kai.

Maganar ɗan'uwanka kuwa ba ta tsayu ba, kuma zan tsawaita a kanta domin ta yawaita a bakin matasa. Jiɓintar da aka hana ita ce son addinin kafirci, ko taimakon kafirai a kan Musulmi. Wane Musulmi ake yaƙa a Numeya? Kanakawa ba su yaƙe mu kan addini ba, ba su fitar da mu daga gidajenmu ba, aya ta 8 a Suratul Mumtahana kuwa ta halatta kyautata wa irinsu da yi musu adalci. Ya kuma duba ƙawancen Hilful Fudul. Wani baƙo ɗan Zubaid ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'ilu ya karɓa ya hana kuɗi, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi rantsuwar tsaya wa duk wanda aka zalunta. Wanda aka cuta mushriki, wanda ya yi cutar mushriki, masu rantsuwar ma haka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarta yana matashi, bayan annabta kuma ya ce da za a kira shi ga irinsa a Musulunci da ya amsa. To ina "ba faɗanmu ba ne" ta shiga? Ka kuma tambaye shi: in tsaya wa Kirista wanda aka ƙwace wa ƙasa jiɓinta ne, me za a kira cin albashin gwamnatin da ta ƙwace, a yi shiru? Ba ya ganin wannan jiɓinta ne, kuma ya yi daidai, sai dai ma'aunin ya zama ɗaya.

Akwai abin da nake so ka je ka gani da idonka. A ƙauyen Nesadiyu, kusa da garin Burai, akwai maƙabartar Larabawa, inda aka binne 'yan Aljeriya da Faransa ta kai can a ɗaure. Cikin waɗanda aka kora bayan boren da Muƙrani ya jagoranta a kan Faransa a Aljeriya a 1871, wasu sun ɗauki makami tare da Faransawa lokacin da sarki Atayi ya tayar da Kanakawa a 1878, suna fatan a yi musu afuwa. Aka kashe Atayi, aka kai ƙoƙon kansa Faris, ba a dawo da shi ba sai 2014. Ba na zagin waɗannan bayin Allah, ɗaurarru ne a matse. Kai ba a matse kake ba.

Saboda haka halartar taro, da jerin gwanon da aka yi bisa doka, da rubutu, da faɗin gaskiya a wurin aiki, duk sun halatta, kana da lada in ka kyautata niyya. Batun ƙuri'a kuma, abin da na rinjayar shi ne: in an buɗe maka rajistar larduna da yardar ɓangarorin biyu, ka yi zaɓenka da adalci. In ɗora ta aka yi da ƙarfi, kada ka bari a yi amfani da kai a rinjayi masu gida, domin ya zama taimako wajen warware alkawarin da aka yi musu.

Ita kuma takardar hannunka alkawari ce. Babu halin ƙone kanti, ko tare hanya, ko ɓoye makami, ko fitar da sirrin asibiti. Ka fi ni sanin yadda shingayen 2024 suka tsare marasa lafiya daga magani. Wanda aka kawo maka da rauni, jandarma ne ko matashin Bakanake, hannunka ɗaya ne a kansu. Kada kuma ka ƙi Bafaranshen da aka haifa a can don fatarsa, bai da wata ƙasa sai ita.

Idan ka je ƙauyukansu, al'adar miƙa ƙyalle da ɗan kuɗi ga dattijai don neman iso gaisuwa ce, ka yi ta da ladabi, ka bar taba daga ciki. Inda aka koma kiran kakanni da neman taimakonsu, ka ja gefe cikin mutunci. Ka riƙa tambayar naman da ke cikin abincin biki. Kada ka zaƙe kana koya musu yadda za su nemi ƙasarsu, su ma sun saɓa a tsakaninsu, baƙo kuwa ba ya raba gadon gida. Ka lizimci masallacin Numeya ranar Juma'a, ka kuma kira iyayenka a Damagaram ka gaya musu abin da kake ciki kafin su ji a bakin wani.

Wallahu a'alam.