Ku Tambaya: Na cika tib da beto, zai hana shi lanƙwasa?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Ni mai walda ne a Tahoua, an ba ni aikin rumfar kwano mai faɗin mita 6, mai aikin ya ce in cika tib kare na 100 (bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 100 kowane gefe) da beto, wato kankare, in gicciya shi sama wai hakan ba za ya taɓa lanƙwasa ba. Gaskiya ne ko ɓarnar siminti ce kawai?

Amsa: Wa alaikumussalam Malam, sannu da aiki. Maganar tasa akwai gaskiya ciki amma ba duka ba.

In ka ɗora nauyi kan ƙarfen da aka gicciya, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma ana jan shi. Tib maras komi a ciki daga sama yake fara mutuwa, sai ka ga bangon ya loɓa ciki kamar gwangwanin tumatir da aka taka, daga nan shi ke nan ya karye gwiwa. To a nan ne beto ke aikinsa, ya tokare bangon ya hana shi shiga ciki, shi kuma ƙarfen ya rungume beton ya hana shi tarwatsewa. Amma na ƙasa fa? Beto bai jure ja, ƙarfinsa a ja bai wuce kashi 1 cikin 10 na ƙarfinsa a matsi ba, tsagewa yake yi, ƙarfen ne ke ɗaukar komi shi kaɗai.

Kuma ka lissafa nauyi don Allah, wannan shi mutane ke mantawa. Tib na 100 mai kaurin milimita 3, sanda guda ta mita 6 wajen kilo 55 ce, in ka cika ta beto ka ƙara mata kusan kilo 127, ya fi buhun siminti 2, kuma duk wannan ita za ta ɗauka kafin ma a ɗora kwano ko guda. Shi ya sa ni a rumfar kwano ban ba da wannan shawara. Abin da ke hana gicciye yin ciki shi ne tsayin jikinsa daga ƙasa zuwa sama, ka nemi tib mai kusurwa huɗu wanda gefe guda ya fi tsawo, ka tsayar da shi a kan siririn gefen, ko ka haɗa ferm, wato ƙarafan da ake haɗawa kusurwa uku-uku su ɗauki rufi. Beton ka kai shi cikin ginshiƙai, can ne yake biyan kuɗinsa saboda aikin matsi ne zalla, da irin wannan dabara ce ƙasar Sin ta gina gadar Pingnan ta 3 mai bakan mita 575 a 2020.

In ya nace sai an cika, to kar ka zuba tib na kwance, rami zai saura a sama daidai inda ake buƙatar beton. Ka tsayar da shi, tsakuwa ƙanana, kana zubawa kana bubbuga jikin da guduma kana saurare, inda ya yi ƙarar fanko akwai rami. Ka huda ƴan ramuka kusa da bakunan biyu don tururi ya samu hanya in gobara ta tashi. In kuwa dal, wato daɓen beto na sama, za a zuba a kai mutane su hau, kar ka taɓa sai injiniya ya zo ya yi lissafi.