Murya mai daɗi kaɗai za ta isa a sashen kiɗa?

Ka tambaya ko murya mai daɗi za ta ishe ka karatun kiɗa a jami'a. Ba za ta isa ba. Ana sa ran ɗalibi ya iya karanta rubutun kiɗa da ake yi a kan layuka 5, ya rera abin da ya gani a takarda ko da bai taɓa jin sa ba, ya kuma ɗan iya fiyano.

A ganina horar da kunne ya fi wuya, domin malami zai kaɗa sauti biyu ya ce ka faɗi tazarar da ke tsakaninsu. Na ga masu baiwa sun sha wahala a nan, saboda haka ka fara atisaye kullum tun kafin ka nemi gurbin karatun.