Tambaya da Amsa: Zaɓi 27 a Manhajar Shagon Kawu

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na rubuta wata ƴar manhajar kwamfuta don lissafin kaya da bashi a shagon kawuna da ke Kasuwar Dole. Yanzu shaguna 4 ke aiki da ita. Kowa ya zo da tasa bukata: wannan rasit babba, wancan ƙarami, wani kuma shi sai launin kore. Don kada in ɓata wa kowa, duk na zuba su a shafin saiti, har sun kai 27. Jiya kawu ya ce shafin tsoro yake ba shi. In rage ne, ko in bar wa kowa nasa?
Wani matashi, unguwar Birni, Damagaram

AMSA: Ƙanena, rage. Kawunka ya riga ni ba ka amsa, kunya ce kawai ta hana shi fito maka a fili.

Lokacin da nake da shagon buga takardu a Zango, wata safiya yarinyar da ke mini bugu ta kira ni hankali tashe. Ta danna A, Q ke fitowa. Ta danna Z, sai W. Ga ɗalibi tsaye a kanta da kundinsa, ga fargabar ɗaukewar kuran. Muka ce ƙwayar cuta ce ta shiga. Sai wajen azahar muka gano hannunta ne ya haɗa maɓallan Alt da Shift, allon rubutu ya juya daga tsarin Faransanci zuwa na Ingilishi. Wannan dama an ajiye ta ne don wani can, mu da ba mu roƙa ba muka biya da rabin yini.

Yi lissafi da kanka. Kowane zaɓi na kunna ko kashe yana ninka yanayin da manhajarka za ta iya shiga. Guda 10 sun ba ka 1,024. Naka 27 kuwa sun haura miliyan 134. Ranar da aka bugo maka waya daga kasuwa aka ce jimilla ta ƙi fita daidai, ta ina za ka fara lalube?

Manyan ma sun sha wannan. A 2013 masu Firefox, manhajar shiga intanet, suka cire ƴan akwatunan kashe hotuna da JavaScript (yaren da ke sa shafukan intanet aiki) daga shafin saiti, saboda mutane kan taɓa su cikin rashin sani, shafuka su lalace, su kuma ɗora laifi a kan manhajar. Kamfanin Microsoft ya gwada wata dabara a Office 2000, manhajarsa ta aikin ofis: ya riƙa ɓoye umarnin da ba ka cika amfani da su ba. Abin da ka gani jiya yau ka neme shi ka rasa. A Office 2007 suka watsar da ita.

To amma kada ka ɗauki almakashi ka hau yanka ido rufe. Masu GNOME, wata fuskar tebur ta Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin Windows), sun zubar da saituna da yawa tun 2002, har Linus Torvalds, mai Linux ɗin kansa, ya fusata a 2005 ya ce jama'a su koma KDE, kishiyar GNOME. Wanda ya saba da abu, ka ƙwace masa, ba ya yafewa da wuri.

Ni ma'aunina mai shayi ne. Zai tambaye ka sukari kaɗan ko da yawa, don nan ne bakuna suka bambanta. Ba zai tambaye ka minti nawa ruwa zai tafasa ba, wannan aikinsa ne. Cikin 27 ɗin nan, na yi imani fiye da rabi tafasar ruwa ce ka tura wa Alhazawa.

Ga waɗanda zan bari. Kuɗi: sefa ko naira, tunda kayanmu da yawa daga Kano suke shigowa. Kuma ka sa a iya ganin farashi da dala, don kawunka ba ya cewa 500, dala 100 yake cewa, 1,000 kuma jaka ce. Sai harshe, Hausa ko Faransanci, tare da tabbatar ƙ, ɗ da ɓ suna fita a rasit. Sai girman rubutu, saboda idon dattijo. Launin kore kuwa, a gaishe shi.

Waɗanda kake shakka a kansu, yi musu ƙuryar ɗaki kamar yadda VLC, manhajar kallon bidiyo, ta yi: shafi mai sauƙi a gaba, cikakken yana baya sai wanda ya nema. Ka kuma sa maɓalli ɗaya babba mai mayar da komai yadda yake tun farko.

Kafin ka goge ko ɗaya, je kasuwa ranar Alhamis da kaye da biro, ka zauna bayan kawu, kada ka ce uffan ko ka ga ya ɓata hanya. Daga nan ka zaga sauran shaguna 3, ka buɗe shafin saitin kowanne. Duk zaɓin da ka tarar su huɗun sun bar shi iri ɗaya, kafe shi haka ka cire shi daga shafin. Batun rasit babba da ƙarami ya danganta da injin bugawar da ke shagon, don haka manhajar ta tambaya sau ɗaya ranar da aka girka ta.