Idan An Ba Kamfani Ruwan Famfo, Bututun Na Waye?

Tambaya: Ina jin ana ta batun haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa kan ruwan famfo a birane. Sayar da hukumar ruwa ake yi? Kuma kuɗin ba zai fi ƙarfin talaka ba?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Malam, galibi haya ake bayarwa, kayan na nan hannun gwamnati. Dubi Nijar. A 2001 aka raba aikin gida biyu. SPEN ta gwamnati ce ke da matatu, tankuna da manyan bututu, ita ke cin bashi ta gina sababbi. SEEN kuwa, kamfanin da aka ba haya, inda kamfanin Veolia na Faransa ke da kashi 51 cikin ɗari a lokacin, aikinsa tace ruwa, ɗinke fashewa, karanta mita da karɓar kuɗi. Farashi gwamnati ke yankewa. A 2024 aikin ya koma hannun gwamnati.

Senegal ta riga ta tun 1996, kuma a ganinmu tata yarjejeniyar ta fi tsari. Ana biyan kamfani a kan kowace lita 1,000 da ya sayar, wato jarka 40 mai cin lita 25. Aka gindaya masa cewa ruwan da ke salwanta ta yoyo da jonin sata ya sauko zuwa kashi 15. In ya gaza, daga aljihunsa.

Matsalar takan fara ne tun ranar sa hannu. Sai a ba kamfani rajistar masu famfo da ta tsufa, rabin mitoci sun mutu, ya yi lissafin riba a kan iska. Ga ma'aikatun gwamnati da ke shan ruwa ba biya, kuma wa ya isa ya yanke wa bariki? A Darussalam ta Tanzaniya an ƙulla a 2003, aka warware a 2005. Ghana ma ba ta sabunta tata ba a 2011. A Manila ta ƙasar Filifin, kamfanin Maynilad ya gaji bashin kuɗin waje, yana karɓar peso, kuɗin ƙasar, sai peso ya karye a 1997.

Batun tsada, farashi yakan tashi, gaskiya ne. Amma wanda ke saye wajen mai ga-ruwa ya riga ya fi mai famfo biya a kowace jarka. Don haka ka bincika ko yarjejeniyar ta tilasta kai bututu sababbin unguwanni, da rangwamen kuɗin jona famfo, da sassaucin farashi a kan litocin farko na wata.