Tambaya da Amsa: Kafin ku tafi Zanzibar

Tambaya: Anti, maigidana ya ce zai kai ni Zanzibar bayan biki. Me ya kamata in sani kafin mu tashi? Daga wata amarya a Kaduna.

Amsa: Allah ya sanya alheri, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, ga masallatai, ga abincin halal. Suwahili suke yi, kuɗinsu shilin na Tanzaniya.

Don Allah kada ku je tsakanin Maris da Mayu, lokacin ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Ki riƙe katin rigakafin shawara tare da fasfo.

Abin da na fi so ki gani shi ne tsohon gari, Stone Town. Lunguna ne matsattsu, mota ba ta shiga yawancinsu, ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, ƙamshin kanumfari yana bin ki. Da magariba ku sauka Forodhani, inda ake gasa kifi a bakin teku. Ki tambayi farashi kafin a zuba miki.

Wajen masauki kuwa, a gabashin tsibirin teku kan janye nesa na sa'o'i. In iyo maigida yake so, ku kama ɗaki a Nungwi, can arewa.